Yadda Za Ku Bi Sawun Kuɗin Tarayya Daga Abuja Zuwa Unguwarku a Zariya

Duk wanda ya zauna a Samaru tsakanin ranar 14 ga Fabrairu da ranar 14 ga Oktoba na shekarar 2022 ba ya bukatar dogon bayani a kan matsayin kuɗin gwamnatin tarayya a rayuwar Zariya. A cikin waɗancan watanni takwas da malaman jami'o'i suka yi suna yajin aiki, gwamnati kuma ta riƙe albashinsu, masu gidajen haya a Hayin Dogo da Zangon Shanu sun zauna da ɗakuna a kulle, mata masu sayar da abinci a bakin ƙofar jami'a sun kife tukwanensu, masu buga takardu sun lulluɓe injinansu, mahauci ya rage yanka, ɗan acaɓa kuma yana wuni a inuwa yana jiran fasinjan da ba zai zo ba. Albashin da ake biya daga Abuja yakan zaga hannaye da yawa kafin ya bar gari, shi ya sa ranar da ya tsaya, har wanda bai taɓa shiga aji a jami'a ba sai da ya ji a jikinsa.

Garuruwa kaɗan ne a Arewa suka tara ma'aikatun tarayya kamar Zariya. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, da asibitin koyarwarta a Shika, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da ta binciken dabbobi a Shika. Ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, da cibiyar fasahar sufuri, da cibiyar binciken sinadarai ta Basawa, da ta fasahar fata, da cibiyar yaƙi da tarin fuka da kuturta ta Saye, da makarantar horar da kuratan soja. Duk da haka, idan rijiyar burtsatse ta lalace a Gyallesu ko rufin aji ya yaye a Wuciciri, abin da akan ji a majalisar dattawan unguwa shi ne "gwamnati ta manta da mu", ba tare da an tantance wace gwamnatin ake nufi ba. Kuɗin tarayya yana shigowa gari ne ta ƙofofi daban-daban, kamar yadda ganuwar birni take da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da sauransu, kuma wanda bai san ta wadda baƙonsa zai biyo ba yana iya wuni yana jira a inda ba kowa. Abin da ke tafe bayani ne a kan yadda mutanen unguwa za su gane ƙofar, su san mai tsaronta, sannan su nemi bayani ta hanyar da doka ta ba su.

Ku fara da rabon wata-wata

Kuɗin man fetur da harajin kamfanoni da na kwastan suna taruwa ne a Asusun Tarayya, kamar yadda sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuma kowane wata kwamitin rabon kuɗi da aka fi sani da FAAC yakan zauna ya raba. A cikin kowace naira 100 da ta rage bayan an cire kuɗin tattarawa da kashi 13 na jihohin da ake haƙo mai, gwamnatin tarayya tana ɗaukar naira 52.68, jihohi 36 suna raba naira 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma suna raba naira 20.60. Harajin VAT da ake biya a kan kayayyaki yana da nasa lissafin, inda ƙananan hukumomi suke samun kashi 35 cikin ɗari. Ke nan ƙaramar hukumar Zariya da ta Sabon Gari, kamar sauran 'yan'uwansu a cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna, kowacce tana da adadin da aka rubuta da sunanta duk wata.

Wannan adadi ba sirri ba ne. Ofishin Akanta-Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa rahoton rabon a shafukansu na intanet, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Ku sami ɗalibi ɗaya mai waya da haƙurin karatu, ku ɗora masa alhakin sauko da rahoton kowane wata, ya nemo Kaduna, ya kwafo abin da aka rubuta a gaban Zariya ko Sabon Gari a cikin littafi mai kauri da ƙungiyar unguwa za ta ajiye. Rahoton yakan makara da wata ɗaya ko biyu, wannan kada ya dame ku. Abin da ake so shi ne jerin watanni goma sha biyu a shafi ɗaya, domin adadin wata guda ba ya nuna komai.

Akwai tarko biyu a nan da ya kamata ku kauce wa. Na farko, kada ku ɗauka duk kuɗin yana zube a teburin ciyaman. Daga cikinsa ake biyan albashin malaman firamare da na ma'aikatan ƙaramar hukuma da fansho, kuma shekara da shekaru kuɗin yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi kafin ya iso sakatariya. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, amma aiwatar da hukuncin bai tafi da saurin da aka zata ba, saboda haka tambayar da ta dace ku yi wa kansilanku ita ce: nawa ne ya iso asusun ƙaramar hukuma a zahiri, kuma nawa ya rage bayan albashi? Na biyu, kada girman adadi ya ruɗe ku. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira, abin da ake rabawa ya ƙaru sosai a takarda, amma a lokaci guda litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Hanya mafi adalci ita ce ku raba kuɗin kowane wata da farashin buhun siminti na wannan watan a kasuwar Sabon Gari, ku ga buhu nawa zai saya. A nan ne za ku san ko an samu ƙari na gaskiya.

Ku kuma san abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma, domin kada ku nemi nono a wurin sa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya lissafa kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da mayanka da kwashe shara da titunan cikin unguwa da magudanan ruwa, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, wadda aka ƙaddamar da sake gina ta a 2018, da hanyar Zariya zuwa Funtuwa, na tarayya ne, kuma hukumar FERMA ce ke da alhakin yi wa irinsu faci. Wani aikin ma hannu uku ko huɗu ne a cikinsa. Aikin ruwan Zariya misali ne mai kyau: gwamnatin tarayya ce ta gina madatsar ruwa ta Galma, gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin matatar da aka tsara ta tace lita miliyan 150 a rana, Bankin Musulunci da Bankin Raya Afirka kuma suka ba da rancen shimfiɗa bututu da gina manyan tankuna. Idan famfo ya ƙafe a Tudun Jukun, kai kuka ma'aikatar albarkatun ruwa ta Abuja ɓata tafiya ne, domin rarraba ruwa a cikin gari aikin hukumar ruwa ta jiha ne.

Allon aiki da layin kasafi

A nan ne mafi yawan aikin yake, a nan ne kuma mutanen unguwa suka fi kowa iko, domin su ne suke ganin aikin da idonsu. Kusan kowane aikin gwamnati, ajujuwa ne ko kwalbati ko fitilun titi masu amfani da hasken rana, yana zuwa da allon da ake kafawa a gefensa. Ranar da aka kafa shi ku ɗauki hotonsa, domin iska da 'yan jari-bola ba sa barin allo ya daɗe. Abubuwa huɗu kuke nema a jikinsa: sunan aikin kamar yadda aka rubuta, ma'aikata ko hukumar da ta ba da kwangilar, sunan kamfanin da aka bai wa, da sunan ɗan majalisar da ya kawo aikin idan an ambata. Ku lura cewa ɗan majalisa ba ya ba da kwangila a hukumance. Shi dai yana sanya aikin a cikin kasafi, sai wata ma'aikata ta aiwatar, kuma ita ce doka za ta tambaya idan aikin ya lalace.

Daga allo sai ku koma kasafin kuɗin tarayya na shekarar, wanda Ofishin Kasafi na Tarayya yake sanyawa a shafinsa bayan shugaban ƙasa ya sa hannu. Kundi ne mai shafuka dubbai, da Turanci, ba kuma wanda zai karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. Ana buɗe shi ne a kwamfuta a yi amfani da akwatin nema. Ku rubuta sunan gari yadda ake rubuta shi a takardun gwamnati, wato Zaria ba Zariya ba, sannan ku gwada sunayen mazaɓu ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramar hukumar Zariya tana da mazaɓun kansila 13, daga Kwarbai A da B da Kaura da Limancin Kona da Unguwar Juma da Unguwar Fatika a cikin birni, zuwa Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur, har Dambo da Kufena da Dutsen Abba da Wuciciri. Sabon Gari kuma tana da 11, ciki har da Samaru da Basawa da Bomo da Hanwa da Muciya da Cikaji. Ku yi hattara da sunayen da ake tarayya a kansu, domin akwai Tudun Wada a Kaduna da Kano, akwai Sabon Gari a garuruwa da dama, kuma ƙungiyar da ta je ofis tana neman aikin da aka ware wa wata jihar ta zubar da mutuncinta tun a tafiyar farko.

Kowane layi a kasafin yana da lamba. Ayyukan ma'aikatu sukan fara da haruffan ERGP, ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa kuma, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a shekara, sukan fara da ZIP. Ku kwafi lambar daidai, ku kwafi adadin kuɗin, ku kwafi sunan ma'aikatar da layin yake ƙarƙashinta. Kada ku yi mamaki idan kun ga aikin haƙa rijiya a ƙarƙashin wata cibiyar bincike, ko raba kekunan ɗinki a ƙarƙashin wata kwaleji da ba ruwanta da ɗinki. Wannan ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare a kasafin Najeriya, kuma a ganina tana cikin manyan dalilan da suke sa ayyuka su fito ba inganci, domin hukumar da ba ta da injiniyan ruwa ba za ta iya gane rijiyar da ba a haƙa ta kai ruwa ba. Ga mutanen Zariya wannan bincike ya ƙara muhimmanci tun daga watan Yunin 2023, lokacin da ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar Zariya, Tajuddeen Abbas, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai, domin mazaɓar shugaban majalisa ba ta rasa ambato a kasafi, kuma yawan ayyuka yana bukatar yawan idanu, ko don a yaba wa wanda ya yi da kyau a kan hujja.

Sai ku riƙe bambancin da ke tsakanin kalmomi uku, domin rashin riƙe shi ya jawo zargin mutanen da ba su ci ba ba su sha ba. Warewa daban, sakin kuɗi daban, biyan ɗan kwangila daban. Ana iya ware wa aiki kuɗi a kasafi amma shekara ta ƙare ba a saki ko kwabo ba, ko a saki rabi. Ana iya sakin kuɗin ga ma'aikata, ita kuma ta biya ɗan kwangila kafin alƙalami kawai, ya aza harsashi ya tsaya jiran ciko. A 'yan shekarun nan ma an sha tsawaita wa'adin ɓangaren manyan ayyuka na kasafi ya shiga shekarar da ke biye, ta yadda aikin da kuke gani yau zai iya zama na kasafin bara ko na bara waccan. Don sanin ko an biya, akwai shafin bayanan baitulmali da gwamnatin tarayya ta buɗe a watan Disambar 2019, inda aka umarci ma'aikatu su riƙa bayyana duk biyan da ya haura naira miliyan 5. Shafin yakan yi gardama wani lokaci, amma ƙungiyar BudgIT tana tattara irin waɗannan bayanai, tana kuma da shirin Tracka mai jami'an sa ido a jihohi, waɗanda aikinsu ke nan taimaka wa al'umma. Sunan kamfanin kuma za ku iya duba shi kyauta a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ku ga ko yana da rajista.

Bayan takarda sai ido, domin gani ya kori ji. Ku je wurin aikin ku uku ko huɗu, cikinku har da magini ko kafinta ko mai gyaran famfo na unguwa, wanda zai duba bulo ya san ko an cika masa yashi, ya duba rodi ya san kaurinsa. Ku ƙirga abin da ake iya ƙirgawa: idan kasafi ya ce ajujuwa shida da ofis da banɗaki, ku ga ko shidan ne, idan ya ce fitilu hamsin, ku bi titi ku ƙirga, ku dawo da dare ku ga nawa ne suke kamawa. Na taɓa bin wasu matasa duba wata rijiyar burtsatse da aka yi wa fenti mai kyau, aka ɗora mata tanki da faranti na sola, aka yi bikin buɗewa da tafi. Ashe ruwan da ya zubo ranar bikin da motar tanka aka kawo shi da asuba. Ba wani masani ne ya gano ba, wata tsohuwa ce mai maƙwabtaka da wurin ta ce ita dai ba ta taɓa jin ƙarar injin haƙa ta wuce yini ɗaya ba. Tun daga ranar nake cewa a fara tambayar matan da ke kusa da aiki kafin a tambayi kowa.

Makarantar firamare da asibitin mazaɓa

Waɗannan biyu suna da ƙofofinsu na musamman. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, amma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta aiwatar. Don haka idan makarantar unguwarku ba ta da kujeru, wurin zuwa shi ne sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ta hannun kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda iyaye suke da kujera a cikinsa. Ku tambaya ko makarantar tana cikin jerin ayyukan da SUBEB ta tsara na shekarar.

A ɓangaren lafiya, dokar 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, bisa manufar a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, Jihar Kaduna kuwa tana da mazaɓu 255. Wani ɓangare na kuɗin yana shiga asusun asibitin kai tsaye don magani da ƙananan gyare-gyare, wani kuma yana biya wa marasa ƙarfi inshorar lafiya ta hannun KADCHMA, hukumar jiha mai kula da wannan inshora. Kwamitin ci gaban mazaɓa yana da hannu a yadda ake kashe kuɗin asibitin, saboda haka ku san wane ne shugabansa a mazaɓarku, ku nemi ya riƙa karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da aka saya. Sau da yawa za ku tarar mutumin kirki ne da ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Tallafin da ke zuwa hannun mutum

Tun daga 2016 gwamnatin tarayya ta fito da shirye-shiryen da suke kai kuɗi hannun jama'a kai tsaye: N-Power da ya riƙa biyan matasa masu digiri naira 30,000 a wata, ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, rancen 'yan tireda na naira 10,000, da tallafin naira 5,000 a wata ga gidaje mafiya talauci, wanda aka zuba masa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido. A watan Oktoban 2023 aka sanar da sabon tallafi na naira 25,000 a wata har tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15, a watan Janairun 2024 kuma aka dakatar da shirye-shiryen hukumar da ke kula da waɗannan tallafi don bincike, kafin daga baya a ci gaba da biyan wasu. Amfanin irin wannan kuɗi ga unguwa a bayyane yake, domin a kasuwar unguwar ake kashe shi, wurin mai awo da mai kemis da mai itace. Illarsa kuma ita ce ba ya ɗorewa, kuma matar da ta ci bashi ta sayi manyan tukwane don dafa wa 'yan makaranta ita ce take kwana a ciki ranar da shirin ya tsaya.

Abin da za ku yi a nan shi ne ku fahimci yadda suna yake shiga rajista. Akwai rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa, wadda ofishin jiha yake tattarawa ta hanyar tara mutanen gari su faɗi da bakinsu su wane ne mabukata a cikinsu. Idan an zo wannan aiki a unguwarku, ku tabbatar an yi shi a fili, a ƙofar gidan mai unguwa ko harabar makaranta, an kuma saurari mata a zamansu daban, domin su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Ku taimaka wa tsofaffi da zawarawa su mallaki lambar NIN da asusun banki mai sunan da ya yi daidai da na katin, domin bambancin harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed yana iya tsayar da biya. Shiga rajistar kyauta ne. Duk wanda ya ce a kawo kuɗin fom, ko ya nemi lambar sirri ta katin cirar kuɗi, ko ya turo saƙo a WhatsApp mai adireshin da bai ƙare da .gov.ng ba, ku ɗauke shi a matsayin ɗan damfara. Iyayen ɗaliban manyan makarantu kuma su sani cewa asusun rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024 rance ne marar ruwa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ana kuma fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Bashi ne, kada a ci shi da sunan kyauta.

Idan takarda da ido sun saɓa

To, a ce kun tattara komai, kun ga kasafi ya ce abu kaza, ƙasa kuma ta nuna wani abu daban. Kada ku fara da Facebook. Ku fara da mai unguwa, ku je masa da littafinku da hotunanku, babbanku ya ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da aka rubuta da sunan unguwarmu, ga kuma abin da muka gani, mun zo ne a sanar da kai, mu kuma nemi ka sa mana albarka mu tambaya." Wannan ziyara tana da amfani biyu, domin tana hana a ce yara ne suka tayar da fitina, kuma ta hannunsa maganar za ta iya kaiwa ga dagaci da hakimi idan ta yi nauyi. Daga nan sai kansila da ofishin mazaɓa na ɗan majalisa, inda sau da yawa za a warware muku abin da ya shige duhu, misali a nuna muku cewa rabin kuɗin aka saki.

Idan ba a samu gamsasshiyar amsa ba, sai ku yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Dokar ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta wajabta wa hukumar ta amsa cikin kwana 7, ta ba ta damar ƙarin kwana 7 idan takardun suna da yawa, ta kuma yarda wanda bai iya rubutu ba ya nema ta hannun wani. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu, kuma akwai tarar naira 500,000 a kan hanawa ba bisa ƙa'ida ba. Wasiƙar ta zama gajera, da Turanci tun da shi ne harshen ofis, amma a karanta wa 'yan ƙungiya ma'anarta kafin a sa hannu. A aika ta ga shugaban ma'aikatar da sunanta yake jikin allo, a ambaci sunan aikin da lambarsa da shekarar kasafi, sannan a nemi abubuwa ƙayyadaddu: takardar ba da kwangila, jadawalin kayan aiki da farashinsu, adadin da aka biya da ranakun biya, da takardar shaidar kammalawa idan akwai. Kada ku sa zargi ko zagi a ciki, ko da ranku ya ɓaci, domin kalma ɗaya ta ɓatanci tana ba mai son ƙin amsawa hujjar da yake nema. Ku yi kwafi biyu, ku miƙa ɗaya, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan, domin daga wannan rana ake fara ƙirga kwana bakwai.

Jadawalin kayan aikin nan shi ne takarda mafi daraja a cikin duka, domin a nan ake rubuta kaurin kwano da yawan buhunan siminti da zurfin rijiya, kuma da shi maginin unguwarku zai iya cewa ga inda aka rage. Idan ya tabbata an biya kuɗi aiki bai kammala ba, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC tana da shiri na musamman na bin diddigin ayyukan mazaɓu tun daga 2019, wanda ya sha tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki, kuma tana karɓar ƙorafi a rubuce. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ma tana da ofis a Kaduna. Ku sa hannu da sunan ƙungiya, mutum biyar ko fiye, maza da mata, kuma idan zai yiwu a samu 'yan jam'iyyu daban-daban a ciki, domin a Zariya ba a daɗewa ba a tambayi wa ya aiko ku ba.

Aikin da aka kammala ma kada ku rufe shafinsa. Ku tambayi wanda aka miƙa wa shi, da wanda zai gyara idan ya lalace, domin yawancin ayyukan mazaɓu ba sa zuwa da kuɗin kulawa, kuma batirin fitilar sola ko famfon rijiya idan ya mutu, unguwa ce za ta yi karo-karo. Ku koma ku sake ɗaukar hoto a watan Oktoba, bayan ruwan Agusta da Satumba ya gwada rufin da kwalbatin, ku liƙa shi a littafin kusa da hoton ranar buɗewa, ku rubuta kwanan wata a ƙasan kowanne.